Kasuwar Gidaje a Miami-Dade: Sayen Gida Daban, Riƙe Shi Daban

Gundumar Miami-Dade, wadda birnin Miami ke cikinta, tana kudancin jihar Florida a Amurka, bakin Tekun Atlantika. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum kusan miliyan 2.7, kuma fiye da rabinsu a wata ƙasa aka haife su, galibi Kuba da sauran ƙasashen Latin Amurka. Duk mai bibiyar labarinta ya san batun gidaje ya zame wa mazauna ƙarfen ƙafa.

Me ya sa farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo bayan 2020?

Abubuwa biyu ne suka haɗu. Lokacin korona kuɗin ruwa a kan bashin sayen gida na shekara 30 ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin ɗari a 2021, sai kowa ya ruga neman gida. Na biyu, jihar Florida ba ta karɓar haraji a kan albashi ko kuɗin shigar mutum. Attajiran New York da Chicago da suka fahimci za su iya aiki daga ko'ina sai suka kwashe kayansu suka yo kudu. A 2022 attajiri Ken Griffin ya sanar da mayar da hedikwatar kamfaninsa na zuba jari, Citadel, daga Chicago zuwa Miami, a 2023 kuma Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya ce zai koma can da zama. Idan irin waɗannan suka shigo kasuwa, malamin makaranta ba shi da ta cewa.

Amma ai kuɗin ruwa ya hau sosai. Me ya hana farashi faɗuwa?

Gaskiya ne. Daga Maris 2022 babban bankin Amurka ya riƙa ƙara kuɗin ruwa, har ruwan bashin gida ya kusa kashi 8 a Oktoba 2023. A wasu birane hakan ya sanyaya kasuwa. A Miami kuwa, masu saye da yawa kuɗi hannu suke biya, musamman 'yan Kolombiya, Ajantina, Birazil da Benezuwela da ke neman inda za su ɓoye dukiyarsu daga faɗuwar darajar kuɗin ƙasarsu. Wanda bai ci bashi ba, ruwan bashi ba ya tsorata shi. Sannan waɗanda suka karɓi bashi mai arha a 2021 sun ƙi sayar da gidajensu, don kada su koma kan sabon ruwa, sai gidajen sayarwa suka yi ƙaranci.

Ina ruwan rushewar bene a Surfside da wannan kasuwa?

Nan ne maganar ta fi nauyi. A ranar 24 ga Yunin 2021 wani sashe na benen Champlain Towers South da ke Surfside, wani ƙaramin gari a gundumar, ya rufta cikin dare, mutum 98 suka rasu. Irin wannan gini, kowa ya mallaki ɓangarensa ne, amma rufi da ginshiƙai da wurin ajiye mota na kowa da kowa ne, ana haɗa kuɗin gyara duk wata. Shekara da shekaru ƙungiyoyin masu gidajen sun saba kaɗa ƙuri'a su jinkirta gyara domin kuɗin wata ya tsaya kaɗan.

A 2022 majalisar dokokin Florida ta kafa dokar da ta tilasta a duba ƙarfin tsofaffin gine-gine masu hawa uku zuwa sama, a kuma tara ajiyar kuɗin gyara da gaske. Doka ce da ta dace, ba ni da ja. Sai dai ranar biya ta zo wa mutane a lokaci guda. Tsohuwa 'yar fansho da ta gama biyan ɗakinta tuntuni sai ta ga takardar neman kuɗin gyara da ya fi ƙarfinta. Wasu sun sa gidajensu a kasuwa, mai saye kuma yana jin labarin kuɗin sai ya ja baya. Shi ya sa kasuwar ta rabu biyu: sababbin benaye a Brickell, unguwar bankuna a tsakiyar Miami, suna tafiya, tsofaffi na bakin ruwa suna jiran mai saye.

Batun inshora da teku fa?

Tun guguwar Andrew ta Agustan 1992, wadda ta yi kaca-kaca da garin Homestead da ke kudancin gundumar, aka tsaurara ƙa'idojin gini, kamfanonin inshora kuma suka fara ɗar-ɗar da Florida. Jihar ta kafa nata kamfanin inshora mai suna Citizens a 2002 don waɗanda kamfanoni suka ƙi, kuma a 2022 kamfanoni da dama sun durƙushe. Banki ba ya ba da bashin gida sai da inshora, don haka tsadarta ta shiga lissafin kowane wata.

Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce mai huji-huji kamar soso. Ko an yi katanga a bakin teku, ruwa ta ƙasa yake ɓullowa, har a rana tsaka ba ruwan sama. Birnin Miami Beach ya ɗaga tituna ya kafa injinan zuƙe ruwa. Unguwanni masu ɗan tudu kamar Little Haiti da Liberty City, waɗanda tun da can talakawa ne ke zaune a cikinsu, yanzu dillalai sun sa musu ido.

Masu haya suna ina a wannan lissafi?

Su ne suka fi ji a jika. Albashin otal da gidan abinci da tashar jirgin ruwa bai bi haya ba. A Afrilun 2022 shugabar gundumar, Daniella Levine Cava, ta ayyana tsadar gidaje a matsayin matsalar gaggawa.

Za a iya ganin irin faɗuwar kasuwar gidajen Amurka ta 2008?

A wancan karon farashi a Miami ya sauka kusan rabi daga inda ya kai a 2006, saboda an ba da bashi ga wanda ba zai iya biya ba. Yau sharuɗɗan bashi sun fi tsauri. Duk da haka, a 2024 bankin UBS na ƙasar Suwizalan ya sa Miami a kan gaba cikin biranen duniya da farashinsu ya kumbura fiye da kima. Tattalin arzikin gundumar yana da madogara: filin jirgin sama mai haɗa ta da Latin Amurka, tashar jiragen yawon buɗe ido ta PortMiami, da harkar kuɗi a Brickell. Ni dai abin da zan sa wa ido shi ne kuɗin inshora da kuɗin gyaran tsofaffin benaye, da kuma ko ma'aikatan da ke tafiyar da otal-otal za su ci gaba da iya biyan haya a gundumar.