Asalin kalmar "gris" a harsunan Sikandinebiya

Akwai zaton cewa "gris", sunan alade a Suwidin, Denmak da Norwe, aro ce daga Faransanci, inda "gris" ke nufin launin toka. Kamannin rubutun ne ya jawo zaton, kuma ba laifin mai zaton ba ne.

Gaskiyar ita ce kalmar gadon gida ce, domin a tsohon harshen Nos, wanda harsunan ƙasashen nan suka samo asali daga gare shi, "gríss" ɗan alade ake nufi, daga baya ta game har manyan, launin toka kuwa "grå" mutanen ƙasashen uku suke ce masa a yau. Daga Nos ɗin ne mutanen Shetlan, tsibiran da ke arewacin Sikotilan, suka samo "grice", wato alade.

Mai son tabbatarwa ya duba ƙamus na asalin kalmomi, ya nemi siffar kalmar mafi tsufa da ma'anarta. Don Allah a yaɗa wannan bayani.