Juyin juya hali: me ake nufi da shi?

Ana yawan cakuɗa shi da juyin mulki, alhali da bambanci. A juyin mulki wasu hafsoshi ne ke ture mai kujera su ɗare, gari ya waye kasuwa ta ci kamar kullum. Juyin juya hali kuwa talakawa ne ke tasowa har tsarin da kansa ya kife, mallakar gona da ikon ba da umarni su sauya hannu. Abin da ya faru ke nan a Rasha a 1917, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kai ta can.

Sarki Nikolas na Biyu ya shiga yaƙin a 1914, tun a watan farko Jamus ta ragargaza rundunarsa a Tannenberg. Kafin a gama an kwashi mutum wajen miliyan 15 zuwa soja, galibinsu manoma. A 1915 sarkin ya karɓi jagorancin dakaru da kansa, wanda a ganina nan ya tafka babban kuskure, don daga ranar duk kashin da aka sha a wuyansa yake. Jiragen ƙasa sun koma jigilar soja, hatsi na ƙauye amma bai isa Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, ba, farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Ran 8 ga Maris 1917 mata masu aiki a masaƙu suka fito neman burodi. Ba yau aka fara zanga-zanga a birnin ba. A 1905 soja sun buɗe wa jama'a wuta, sarauta ta tsira. Wannan karon yaƙi ya riga ya cinye yawancin tsofaffin sojan da suka saba da biyayya. Waɗanda ke bariki sababbin ɗauka ne masu fargabar a tura su fagen daga, sai suka bi sahun jama'a. Cikin mako guda Nikolas ya yi murabus, mulkin gidan Romanov na shekara 300 da ɗoriya ya ƙare.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta dage sai an ci gaba da yaƙi, soja suka riƙa sulalewa gida. Lenin, wani jagoran 'yan gurguzu, ya yi alkawarin zaman lafiya da gona da burodi, jam'iyyarsa ta Bolshebik ta ƙwace mulki a Nuwamba. A Maris 1918 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da Jamus a garin Brest-Litovsk, suka saryar da yankuna masu faɗi, ciki har da Yukiren.