'Yan Wasan Jami'a a Amurka Yanzu Suna Karɓar Kuɗi

Har yanzu mutane da yawa suna ɗauka cewa ɗalibin da ke buga ƙwallon kwando a jami'ar Amurka ba ya samun komai sai karatu kyauta. Da can haka ne. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hana su karɓar ko sisi, alhali jami'o'i da gidajen talabijin suna kwasar biliyoyin daloli da guminsu. Wannan zalunci ne ƙarara.

Tun 1 ga Yulin 2021 aka ba su damar yin talla da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 kuma alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun da aka yi a ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya ba kowace jami'ar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga 'yan ƙwallon zari-ruga ta Amurka.