Waiwaye: ciwon hanta a ɗakin wankin ƙoda ba yau ya fara ba

Duk sanda aka ce an gwada mai wankin ƙoda an tarar da ciwon hanta nau'in B ko C, wani lokacin har HIV, sai ka ji kowa ya hau inji da zagi, wai ba a wanke shi ne. Jama'a, maganar nan ta girmi da yawanmu fa.

A 1960 aka soma wankin ƙoda akai-akai a Siyatil ta Amurka, kafin a rufa shekara goma ciwon hanta B ya ɓarke a ɗakunan wanki a Birtaniya, har ma'aikata sun rasa rayukansu. Sai aka fara ware masu B da injinsu daban, rigakafi ya biyo baya farkon shekarun 1980, daidai lokacin da wankin ya iso Legas.

Amma ni shekarar da nake ganin an manta da ita ita ce 1989. Ƙoda ba fitsari kaɗai take tacewa ba, ita ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda za ka gan shi fari fat kullum jininsa a ƙasa, kuma kafin wannan shekarar babbar dabarar ita ce ƙarin jini, leda bayan leda, alhali ba a ma san ƙwayar C ba balle a gwada ta. A 1989 ɗin aka gano C, kuma a shekarar Amurka ta amince da allurar EPO mai maye gurbin wancan sinadarin. Inda allurar ta wadata ƙarin jini ya ragu sosai, kamuwa ma ta ragu, saura abin da ke bin safar hannu da kwalbar magani guda da ake zuƙa wa mutum biyu, don ƙwayar B tana iya kwana bakwai a busasshen jini da ranta.

To mu nan fa? Wanda ya sayar da gona don kuɗin wanki, sau uku a sati ya koma sau ɗaya, ina ya ga na EPO? Jini ya yi ƙasa a ce wa 'yan uwa su nemo mai bayarwa, a guje cikin dare, kuma wanda bai daɗe da kamuwa ba gwajin gaggawa na iya nuna lafiyarsa ƙalau, a ɗaura ledar.