Dokokin da Ke Nuna Inda Kakanni Suka Shiga Soja a Yaƙin Basasar Amurka

Wanda ke neman sawun kakansa da ya yi yaƙin basasar Amurka, tsakanin 1861 da 1865, ya kamata ya fara sanin dokokin da suka haifar da takardun da zai karanta, domin su ne ke bayyana dalilin da ya sa garin da aka rubuta cewa soja ya shiga aiki ba lallai ya zama garinsu ba.

A watan Maris na 1863 majalisar dokokin tarayyar Amurka, wato ɓangaren Arewa a yaƙin, ta kafa dokar tilasta wa maza masu shekara 20 zuwa 45 shiga soja, ta kuma ɗora wa kowace mazaɓa adadin mutanen da za ta bayar. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa yana iya biyan dala 300 ko ya kawo wani a madadinsa. Don cika kasonsu, garuruwa suka riƙa ba masu shiga da son rai kuɗin tukuici, sai matasa da dama suka bar gida suka nufi inda tukuicin ya fi tsoka, aka lissafa su a can. Katin soja, wato katin da ke ɗauke da bayanan aikinsa, yakan nuna wuri biyu, wato inda ya sa hannu da inda aka rantsar da rundunarsa, kuma bai kamata a ɗauki ɗayansu a matsayin mahaifarsa ba tare da wata shaida ba.

Ana adana katunan aikin sojojin sa-kai a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Washington, ana kuma neman kwafinsu da fom mai lamba 86. Sunan runduna da jihar da ta kafa ta su ne mabuɗi, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa.

Takardun fansho, waɗanda ake nema da fom mai lamba 85, sun fi zurfi. Dokar 1862 ta biya waɗanda suka nakasa a bakin aiki da matan mamata, ita kuwa ta 1890 ta haɗa da duk wanda ya yi kwana 90 a soja aka sallame shi da mutunci, idan ya kasa aikin ƙarfi. Kafin a biya shi sai ya kawo rantsuwar abokan yaƙi da maƙwabta, kuma a takardun fanshon ne akan samu ranar aurensa da sunayen 'ya'yansa. Sojojin Kudu, wato na jihohin da suka ɓalle daga tarayyar, ba su cikin wannan tsari. Jihohinsu ne suka biya su, don haka a ma'adanar jihar da tsohon soja ya zauna bayan yaƙi ake neman takardunsa.