Waiwaye: Yadda Aka Fara Karanta Al'umma a Fuskar Dodon Fim

A shekarar 1947 wani marubuci Bajamushe mai suna Siegfried Kracauer, wanda ya tsere wa mulkin Nazi ya sami mafaka a Amurka, ya fitar da littafi mai suna From Caligari to Hitler. Abin da ya zo da shi ya girgiza masu nazarin fim: wai duk wanda ya kalli finafinan da Jamus ta yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da idon basira, zai hango Hitler tun kafin ya bayyana. Babbar hujjarsa ita ce fim ɗin Caligari na 1920, labarin wani likita mai juya wani bawan Allah da ke tafiya cikin barci, yana tura shi cikin dare ya kashe mutane. A wurin Kracauer, likitan shi ne shugaba mai kama-karya, mai barcin kuma talakan da aka saka wa kaki aka tura fagen fama.

Masana na baya sun yi masa raddi, sun ce ya riga ya san ƙarshen labarin Jamus sannan ya koma yana neman alamominsa. Akwai gaskiya a wannan suka. Duk da haka shi ya buɗe ƙofar, domin daga kansa aka fara tambayar fim ɗin ban tsoro: wa kake tsoro, kuma me ya sa yanzu?

Kafin wannan, kallon abin razana yara ake yi wa irin waɗannan finafinai. A 1931, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kamfanin Universal ya saki Dracula da Frankenstein, jama'a suka yi tururuwa zuwa silima. Dodannin wancan zamani baƙi ne, daga ƙetare suke zuwa, harshensu ma ba ya fita daidai. A 1932 aka yi White Zombie, aka kafa labarinsa a Haiti, ƙasar da sojojin Amurka suka mamaye daga 1915 zuwa 1934. A al'adar mutanen Haiti, zombi gawa ce da boka ya tayar domin ta yi masa aikin gona ba hutu ba lada. Tsoron jikokin bayi ne, cewa ko mutuwa ba za ta 'yanta mutum daga bauta ba. Masu fim suka ɗauki wannan tsoron suka juya shi, ya koma fargabar kada a sihirce wata baturiya. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne masu ciwon na asali sun zama adon bango a cikin labarinsu.

Inda biri ya fi kama da mutum shi ne Japan. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23. A watan Satumba mai kula da rediyon jirgin ya rasu. A Nuwamba kamfanin Toho ya saki Godzilla, wanda Ishiro Honda ya ba da umarni, kuma fim ɗin ya buɗe ne da jirgin ruwa da wani haske ya cinye a tsakiyar teku. Bayan dodon ya ragargaza Tokyo, kyamara ta shiga asibiti: majinyata kwance a ƙasa, likita yana kai na'urar awon gubar nukiliya jikin wani yaro, na'urar tana ƙara. 'Yan kallon da suka zauna a silima a ranar, shekara tara kacal ke tsakaninsu da Hiroshima da Nagasaki. Ba sa bukatar masharhanci ya fassara musu. Da aka kai fim ɗin Amurka a 1956, sai aka yi masa yankan-yankan, aka cusa wani ɗan wasa a matsayin ɗan jarida Ba'amurke, zafin saƙon ya ragu.

A shekarar 1956 ɗin aka yi Invasion of the Body Snatchers, inda wasu halittu ke maye gurbin mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, kamanni na nan amma zuciya babu. Har yau ba a daidaita ba: wasu sun ce tsoron kwaminisanci ne, wasu sun ce tsoron masu farautar 'yan kwaminis ne.

Daga 1960, da Psycho na Alfred Hitchcock, dodo ya tare a cikin gida. Amma ni a ganina 1968 ce shekarar da komai ya sauya. George Romero ya yi Night of the Living Dead da ɗan kuɗi kaɗan, ya ba Duane Jones, baƙar fata, matsayin jarumi. Jarumin ya kwana yana fafatawa da gawarwaki masu cin naman mutane, kowa ya mutu sai shi. Da gari ya waye ya ji haushin karnuka da ƙarar bindigogi, ya fito daga ɗakin ƙasa ya leƙo ta taga. 'Yan sintiri fararen fata suka hango shi daga nesa, ɗaya ya saita shi a goshi. Aka ja gawarsa da ƙugiyar mahauta zuwa inda ake ƙona sauran. Romero ya sha faɗin cewa ya ɗauki Jones ne don ya fi kowa iya wasan, ba don launinsa ba. Na yarda da shi. Sai dai fim ɗin ya fito a watan Oktoba, wata shida bayan an harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, kuma wanda ya shiga silima da wannan makokin a zuciya ba niyyar darakta yake kallo ba.

Wannan shi ya ba masana ƙarfin gwiwa. A 1979 mai sharhi ɗan Birtaniya Robin Wood ya tsara ra'ayin da har gobe ake koyarwa: duk abin da al'umma ta danne, ko ta ware ta ce ba nata ba ne, shi ke dawowa cikin siffar dodo. Ya ɗauki finafinan da ake ƙyama da muhimmanci, irin su The Texas Chain Saw Massacre na 1974, wanda makasansa tsofaffin ma'aikatan mayanka ne da injina suka raba da sana'arsu. A daidai lokacin kuma hukumomi na kallon abin ta wata fuska. Birtaniya ta kafa dokar tace kaset-kaset ɗin bidiyo a 1984, bayan jaridu sun yi ta kururuwa cewa finafinan na lalata tarbiyyar yara. Ɓangarorin biyu sun yarda fim na da alaƙa da al'umma, saɓaninsu a kan wa ke haifar da wa ne.

Sai mata suka shigo muhawarar. Carol Clover, a littafinta na 1992, ta lura cewa a finafinan yankan rago kusan kullum budurwa ɗaya ce ke tsira, kuma samarin da suka cika silima ita suke mara wa baya, cikin tsoronta suke shiga. Wannan ya rikita masu cewa abin da ke kai maza kallo shi ne jin daɗin ganin ana azabtar da mace, ko da yake bai wanke finafinan daga wannan zargi gaba ɗaya ba.

A 'yan shekarun nan masu shirya fim da kansu sun karanta waɗannan littattafai. Under the Shadow na 2016 ya sa aljani a wani gida a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, uwa da 'yarta tsakanin makamai masu linzami da dokokin da suka takure mata. Get Out na Jordan Peele ya biyo a 2017, dodonsa kuwa iyalin turawa ne masu fara'a da ke iƙirarin son baƙar fata, Peele kuma ya ci kyautar Oscar ta rubutun sabon labari (wanda ba a ciro daga wani aiki ba) a 2018, baƙar fata na farko da ya ci ta a wannan rukuni. Nasarar ta jawo 'yan kwaikwayo da yawa, kuma a nan damuwata take. Ana ta fitar da finafinan da saƙonsu ke rubuce a goshi tun minti na goma, ɗan kallo ya gane darasin amma gabansa bai faɗi ko sau ɗaya ba. Honda da Romero sun fara tsorata mutane ne tukuna, sharhin ya biyo baya da shekaru.