Mudu biyu a hukuncin yaƙi da ta'addanci

Mudu biyu, ko koro biyu yadda za a ce a kasuwannin Kusiri da Njamena, shine a ga aiki iri ɗaya, wato kisan wanda bai ɗauki makami ba, amma a ba shi suna biyu gwargwadon wanda ya aikata. In abokin gaba ne sai a ce ta'addanci, in namu ne ko na abokinmu sai a ce kuskure ne, ko tsautsayi, ko kuma a yi gum kamar ba a yi ba. Masu Faransanci a rediyo suna cewa deux poids deux mesures, mu kuma tun da can muna da namu kalaman, 'yan mowa da 'yan bora, harshen damo, da karin maganar nan ta laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Hoton daga kasuwa ya fito, ɗan kasuwan da yake da babban koro na saye da ƙarami na sayarwa, irin wanda Suratul Muɗaffifina ta yi wa kashedi.

Inda ƙofar ta buɗe

Har yau Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da ma'anar ta'addanci guda ɗaya da kowa ya amince da ita. Tun 1996 Indiya ta kawo daftarin babbar yarjejeniya, ana ta zama ana tashi ba a gama ba, abu biyu ne suka tsaya a wuya, shin wanda yake yaƙar mamaya ɗan ta'adda ne, sannan shin sojan gwamnati shi ma zai iya ɗaukar wannan suna. Yarjejeniyar Aljiyas ta 1999 da ƙasashen Afirka suka yi ta cire gwagwarmayar neman 'yanci daga cikin ta'addanci, sabida da dama daga cikinsu ta wannan hanya suka samu tuta. To da aka bar ƙofar a buɗe sai kowace gwamnati ta rubuta tata doka da nata jerin sunaye.

Dokar yaƙi kam ba haka take ba, a fili take. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun ce ba a nufar farar hula da hari, ba a kashe wanda aka kama, ba a azabtar da shi, kuma ba ruwansu da wa ke da gaskiya a asalin rigimar, doka ɗaya ce kan mai gaskiya da marar gaskiya. Mu da muka taso a zauren malamai ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, wasiyyar Sayyidina Abubakar ga runduna kenan, kar a kashe mace, kar a kashe yaro, kar a kashe tsoho. Matsalar ba a rubutun take ba, a hannun mai awon take.

An fara ganin haka ƙarara bayan yaƙin duniya na biyu. A Nurambag, 1945 zuwa 1946, an hukunta manyan 'yan Nazi kuma sun cancanci hukuncin, amma ba wanda ya tsaya gaban alƙali kan ruwan bama-baman da ƙasashen ƙawance suka yi wa birnin Dresden na Jamus inda wajen mutum 25,000 suka mutu, ko Hiroshima da Nagasaki, ita kuwa Tarayyar Sobiyet da ta harbe 'yan Folan wajen 22,000 a 1940, kisan da ake kira na Katin, tana zaune cikin alƙalai har ma ta nemi ɗora wa Jamus laifin.

Sunan da yake canjawa da lokaci

Mandela ya karɓi kyautar Nobel a 1993, ya yi shugabancin ƙasarsa ya sauka, amma sai a 2008 Amurka ta cire shi daga jerin waɗanda take sa wa ido kan ta'addanci. Ba sai mun je nesa ba ma. A Kamaru, Faransa ta haramta jam'iyyar UPC mai neman 'yancin kai a 1955, aka bi shugabanninta ɗaya bayan ɗaya, sojojin Faransa suka kashe Ruben Um Nyobè a daji ranar 13 ga Satumba 1958, aka ba Félix Moumié guba a Janiba a 1960, sannan gwamnatin Ahijo ta harbe Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafusam cikin Janairun 1971. Shekara da shekaru sunansu makizar, 'yan daji, 'yan ta'adda, mutum ko ambatonsu ba ya iya yi a fili. A 1991 doka ta wanke su, yau gwarazan ƙasa ne, kuma sai a 2025 shugaba Macron ya yarda a rubuce cewa abin da Faransa ta yi a Kamaru yaƙi ne. Ƙauyukan da aka ƙona a lokacin da sunan kwantar da tarzoma aka ƙona su.

Labarin Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, ya fi kowanne nuna yadda awon yake juyawa. A 1974 mutanensa ne suka kama Bafaranshiyar nan Françoise Claustre a Bardai, suka kuma kashe hafsan da Faransa ta aika tattaunawa a 1975, a lokacin ɗan tawaye ne mai garkuwa da mutane. Da ya hau mulki a 1982 ya zama katangar da za ta tare Gaddafi, sai Faransa da Amurka suka rungume shi da makamai da kuɗi, Reagan ya karɓe shi a fadarsa a 1987, alhali a daidai lokacin 'yan sandan sirrinsa na DDS suna cika kurkukun Njamena da mutane. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta mamata 40,000. Waɗanda suka tsira su suka bi shi shekara sama da ashirin har kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016, amma waɗanda suka ba shi makaman ba wanda aka kira.

Har diyya ma ana yi mata mudu biyu. Jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya tashi daga Njamena ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa shi a saman hamadar Tenere da mutum 170, da yawansu 'yan Afirka. Libiya, da aka ɗora wa laifin, ta amince da dala miliyan 10 kan kowane rai na jirgin Amurka da aka tarwatsa a saman garin Lokabi na Scotland, a na UTA kuwa yarjejeniyar 2004 ta tsaya kan miliyan ɗaya.

A yankin tabkin Chadi

A nan dole a yi magana da hankali don jinin bai bushe ba. Abin da Boko Haram ta yi ta'addanci ne, ba wani suna na biyu. Fotokol ranar 4 ga Fabrairu 2015 har cikin masallaci aka bi mutane aka yanka, Njamena 15 ga Yuni da babbar kasuwa 11 ga Yuli, Marwa 22 da 25 ga Yuli inda sama da mutum 30 suka rasu, Baga Sola, Kolofata, Bodo, ga sojojin Chadi kusan 100 da aka kashe a Bohoma cikin Maris 2020. Duk wanda ya ɗauko zancen mudu biyu don ya wanke waɗannan mutane shi ma tauye awo yake yi.

Amma ga ɗaya gefen. A ƙarshen Disamba 2014 jami'an tsaron Kamaru suka kwashe maza sama da 200 daga ƙauyukan Magdeme da Duble, gwamnati da kanta ta yarda 25 sun mutu a tsare a Marwa, Amnesty kuma ta ƙirga sama da 130 da ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A 2018 wani bidiyo ya bazu a wayoyi, sojoji suna kora mata biyu da yara biyu, ɗaya goye a baya, suka harbe su kusa da Zelevet a Mayo Tsanaga. Da farko kakakin gwamnati ya ce ƙarya ce, sai da aka gano dutsen da hanyar da fuskokin sannan aka kama su, a Satumba 2020 kotun soja ta ba huɗu shekara 10, ɗaya shekara 2. Shekara 10 ɗin nan ita ce dai kotun soja ta yanke wa Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa da aka kama a Marwa a Yuli 2015, a ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 2014, mutumin da makaminsa na'urar ɗaukar murya ce, kafin a rage hukuncin ya fito a Disamba 2017. Wannan abu yana mini ciwo duk sanda na haɗa su wuri ɗaya. A Chadi kuma bayan Bohoma, fursuna 44 aka tarar sun mutu a ɗaki ɗaya a Njamena cikin Afrilu 2020, mai gabatar da ƙara ya ce guba ce, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce talakawa ne da cunkoso da zafi da ƙishirwa suka kashe.

Hujjar da ake kawowa ita ce niyya, wai ɗan ta'adda farar hula yake nufa, soja kuwa kuskure yake yi. A doka bambancin nan gaskiya ne kuma yana da nauyi, ba za a haɗa wanda ya ɗaura wa yarinya bam da matuƙin jirgin da ya ruɗe ba. Sai dai kalmar kuskure tana da sharaɗi, a yi bincike, a faɗi sunayen mamatan, a biya diyya, a hukunta mai sakaci. A Bunti ta Mali, Janairu 2021, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce farar hula 19 jirgin Faransa ya kashe a wajen biki, Faransa ta ce a'a 'yan bindiga ne, maganar ta tsaya a nan.

Kotun duniya da namu rabon

Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, ta fara aiki a 2002, Amurka da Rasha da Sin ba sa ciki, kuma duk waɗanda ta ɗaure a shekara ashirin na farko 'yan Afirka ne. Da Umar al-Bashir na Sudan, wanda kotun take nema, ya sauka Njamena a Yuli 2010 ba a kama shi ba an yi ta zargin Chadi, amma da sammaci ya fito kan Netanyahu a Nuwamba 2024 sai Faransa ta fara zancen kariyar shugabanni, bayan ta yi maraba da sammacin Putin a 2023.

Mu ma fa muna da namu koron. Mun ji haushi a Janairu 2015 da shugabanni sama da 40 suka yi tattaki a Faris kan mutum 17 da 'yan bindiga suka kashe a can, alhali a makon ne Boko Haram ta share Baga ta Najeriya. To amma a majalisar shayi akwai wanda zai yi kuka kan dubun dubatan da aka kashe a Gaza, kuma kukan na gaskiya ne, sai ya ƙi ambaton farar hular da aka kashe a Isra'ila ranar 7 ga Oktoba 2023, wani kuma ya yi akasin haka. Ga Aljinaina ta Darfur a Sudan nan a bakin iyakarmu, inda masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 a 2023, akasari Masalit, Musulmi ne suka kashe Musulmi, waɗanda suka tsira suka ƙetaro Adre da ƙafa, da yawansu da raunin harsashi, har yau suna zaune a bukkokin leda a gabashin Chadi.